Ciwon Johne a Shanun Madara: Yadda Za Ka Raba Gado da Kamuwa Kafin Ka Zaɓi Iri

Saniya ce mai haihuwa uku. Tana cin dusa da harawa kamar kullum, idonta garau, jikinta babu zafi, amma zawo ya ƙi tsayawa. An ɗura mata maganin tsutsa har sau biyu, an yi mata allura, ta ɗan lafa na mako guda, ta sake ɓarkewa. Zawon ruwa-ruwa ne, babu jini, babu majina, kuma ba ta yunƙuri wajen fitar da shi. Nono ya ja baya, ƙasusuwan ƙugu sun fito, ƙarƙashin haɓarta ya tara ruwa ya yi luntsum. Idan an cire ciwon hanta, sammore, tsutsar ciki da tarin fuka daga lissafi, abin da ya kamata likitan dabbobi ya sa a gaba shi ne ciwon Johne.

Ana furta sunan “Yone”. Heinrich Albert Johne da Langdon Frothingham ne suka fara bayyana cutar a Jamus a 1895. Ƙwayar da ke kawo ta ’yar uwar ƙwayar tarin fuka ce, sunanta Mycobacterium avium paratuberculosis, ana taƙaita shi da MAP. Ba ta gaggawa. Tana shiga ta baki tun dabba na maraƙi, ta ratsa bangon ƙarshen ƙaramin hanji, ta ɓuya a cikin ainihin ƙwayoyin garkuwar jikin da aikinsu shi ne su haɗiye ta su kashe. Nan za ta zauna shekara biyu zuwa biyar, wani lokacin fiye, kafin a ga alama. In aka yanka irin wannan saniya, ka roƙi mahauci ya tsaga maka ƙarshen ƙaramin hanji, daf da inda ya haɗu da babba. Na lafiyayyar dabba siriri ne, in ka ja shi sai ya miƙe sumul. Na mai Johne ya yi kauri, cikinsa ya yi tudu da kwari kamar kwanon rufi, kuma ko ka ja shi ninkin ba ya bajewa. Irin wannan hanji ba ya tsotse abinci, sinadarin gina jiki ma tsiyayewa yake daga jini zuwa cikinsa. Shi ya sa take ci amma tana ramewa.

Ba a warkar da shi. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta na iya danne alamar na ɗan lokaci, da an daina sai ta dawo, saniyar kuwa tana ta zubar da ƙwayar cikin kashi. Saboda haka masu kiwon madara a ko’ina suka juya ga tambaya guda: tunda a garke ɗaya wasu na kamuwa wasu na tsira, ba za a iya zaɓen irin da ke da juriya ba? Ana iyawa, amma sai an san girman abin da gado ke iya yi, domin mafi yawan kuskuren da ake tafkawa daga ɗora wa jini laifin da na kashi ne yake tasowa.

Rabon gado a cikin lamarin

Masana kiwon iri suna auna abin da ake kira ƙarfin gado: cikin bambancin da ake gani tsakanin dabbobi a kan wata sifa, kashi nawa ne ya fito daga ƙwayoyin halittar da iyaye ke miƙa wa ’ya’ya. Ana rubuta shi tsakanin 0 da 1. Yawan madara yana wajen 0.25 zuwa 0.35. Kamuwa da Johne kuwa, binciken da aka yi a kan shanun Holstein da Jersey a Holan, Denmak, Amurka da wasu ƙasashe galibi ya faɗa tsakanin 0.05 da 0.20, da yawa kuma sun taru a kusa da 0.10. Wato kusan kashi 10 cikin 100 na bambancin daga gado ne, sauran 90 daga yawan ƙwayar da maraƙi ya haɗiya, ranar da ya haɗiye ta, abincinsa, wahalar da ya sha, da kuskuren gwajin kansa.

Kada ka rena wannan goma ɗin. Ciwon hantsa ma ƙarfin gadonsa ƙarami ne, amma ƙasashen arewacin Turai sun shafe shekaru suna zaɓen bijimai a kansa kuma sun ga amfanin. Abin da gado ya fi tsafta da shi ɗaya ne: yana taruwa, kuma ba ya gogewa ranar da ma’aikaci ya yi sakaci. Ga misali na lissafi kawai. A garken da ’ya’yan matsakaicin bijimi ke kamuwa 10 cikin 100, in ƙarfin gado 0.10 ne, ’ya’yan bijimi mai kyau za su kamu wajen 7 ko 8, na bijimi marar kyau kuma wajen 13. Bambanci ne na gaske, amma ka lura babu wanda ya kai sifili. Babu saniya ko bijimin da aka tabbatar cutar ba ta kama shi.

An binciki ƙwayoyin halitta ɗai-ɗai da yawa. Akwai SLC11A1, wadda ke taimaka wa ƙwayoyin garkuwa su hana baƙuwar ƙwaya sinadarin ƙarfe. Akwai NOD2, wadda ke gane ɓawon ƙwayar cuta daga cikin tantani, kuma ita ce aka alaƙanta da ciwon hanji na Crohn a jikin mutane. Akwai dangin TLR, da na BoLA da ke kan kuromosom na 23 na shanu, duka masu taimaka wa garkuwar jiki ta gane baƙuwar ƙwaya. Matsalar ita ce abin da aka gani a wannan garke sau da yawa ba ya maimaituwa a wancan, kuma binciken da ya duba dukan ƙwayoyin halitta lokaci guda ya nuna wurare masu yawa, kowanne da ɗan ƙaramin tasiri. Don haka duk wanda ya zo maka da gwajin ƙwayar halitta guda ɗaya ya ce da shi za a tace maka garke, riƙe kuɗinka.

Batun nau’i ma haka. An sha samun cutar ta fi yawa a garken Jersey da Guernsey fiye da na Holstein, sai dai yana da wuya a raba nau’in da irin kiwon da ake masa da kuma gidajen da aka sayo shi. Shanu masu tozo ba su kuɓuta ba. Wanda ke haɗa Bunaji ko Bokoloji da Firishiyan, irin haɗin da aka daɗe ana yi a cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, kada ya ɗauka jinin gida zai kare masa ’ya’yan. Juriyar zafin rana da kaska daban, juriyar MAP daban.

Tarkon uwa da ’ya

Kusan duk mai garken da cutar ta daɗe a cikinsa zai ce maka tana bin zuri’a: uwar ta mutu da zawo, ’yarta ma, ga jikar ta fara. Gaskiya ne abin da ya gani, fassarar ce ke buƙatar gyara. ’Yar ta gaji rabin ƙwayoyin halittar uwar, amma ta kuma faɗo ƙasa a kan kashin uwar, ta kama nonon da kashin ya shafa, ta sha dakashinta. Wasu ma tun a ciki suke kamuwa. Wani nazari da ya tattara bincike da yawa a 2009 ya nuna kusan kashi 9 cikin 100 na ’yan tayin shanun da ke ɗauke da cutar a ɓoye sun kamu, a shanun da alama ta riga ta bayyana kuwa kusan kashi 39.

Ke nan ta ɓangaren uwa gado da kamuwa a cakuɗe suke, ba mai iya raba su da ido. Ta ɓangaren uba ne kawai ake samun hoto mai tsabta, musamman in ta hanyar ɗura maniyyi aka samu cikin, domin bijimin bai taɓa taka garken ba, bai ba maraƙin komai ba sai jininsa. In ’ya’yan wani bijimi suna faɗuwa a gwaji fiye da sa’o’insu da aka haifa a wata ɗaya, a wuri ɗaya, suka sha nono iri ɗaya, to nan ana iya zargin gado.

Wannan bai hana ka yanke hukunci a kan ’yar saniya mai cutar ba. Ko gado ne ko kamuwa, haɗarinta ya fi na sauran. Karsanar ƙarshe da saniya ta haifa kafin alama ta bayyana a jikinta, kada ka ajiye ta don ƙarin garke. Ka turke ta daban ka yi kiwonta don yanka. Abin da bai kamata ba shi ne ka rubuta wannan a matsayin hujjar cewa jinin gidan ba shi da kyau, har ka zubar da ’yan uwanta na nesa masu madara.

Gwaji: wa za a gwada, yaushe, da me

Ba a zaɓen iri a kan abin da ba a auna ba, kuma auna Johne aiki ne mai yaudara. Saniyar da ka gani tana zawo kan tsauni ce kawai. Ƙiyasin da likitoci suka daɗe suna aiki da shi shi ne, bayan kowace saniya mai alama akwai wasu 15 zuwa 25 da suka kamu a garken.

Gwajin ELISA na jini ko na madara shi ne mafi araha. Yana neman martanin garkuwar jiki ne, kuma wannan martanin yana makara. A dabbar da ke zubar da ƙwaya kaɗan yana iya kama ƙasa da ɗaya cikin biyar, a mai zawo kuwa yana kama mafi yawa. Kyansa shi ne ba kasafai yake ɗora wa lafiyayya laifi ba, wajen ɗaya cikin ɗari. Ka ɗauki garke mai shanu 100, goma sun kamu, gwajin kuma yana kama kashi 30 cikin 100. Takardar za ta nuna maka uku na gaskiya da wataƙila ɗaya ta kuskure, bakwai kuma su wuce da tambarin lafiya. Shi ya sa sakamako ɗaya mai cewa babu ba ya wanke saniya.

Kada ka ɓata kuɗi a kan maruƙa da ƙananan karsana. Ka fara daga masu wata 24 zuwa sama, kuma masu haihuwa biyu zuwa huɗu sun fi nuna gaskiyar garke. In so kake ka san ko cutar na nan, ka zaɓi shanu 30 da suka fi zama abin zargi, kamar yadda ake yi a Birtaniya: masu rama, masu ƙarancin nono ba dalili, masu yawan ciwon hantsa, da waɗanda aka sayo daga waje. In ta tabbata tana nan, sai a koma gwada dukan masu tatsa. A Denmak, inda aka fara shirin ƙasa na yaƙi da cutar a 2006, an tsara a riƙa gwada madarar kowace saniya sau huɗu a shekara a garkunan da suka shiga shirin. In hakan ya fi ƙarfinka, sau biyu ya fi sau ɗaya nesa ba kusa ba, kuma ka sa ɗayan ya faɗo daf da lokacin da ake daina tatsarta, don ka san matsayinta kafin ta haihu.

Wajen ɗiba: jini mililita 5 zuwa 10 a kwalba marar maganin hana daskarewa, a bar shi ya daskare a inuwa, a kai shi cikin sanyi amma kada ya zama ƙanƙara. Madara kada a ɗiba a makon farko na haihuwa, dakashi na iya ɗaga sakamako. In an yi wa garken gwajin tarin fuka na fata, a jira aƙalla mako shida, in da hali wata uku, domin allurar na sa ELISA ya nuna akwai alhali babu. A wuraren da tarin fukan shanu ya yi yawa, kamar yankinmu, wannan ruɗanin babba ne, har da wasu dangin ƙwayar da ke zaune cikin ƙasa da ruwa suna iya rikita gwajin.

Saboda haka duk saniya mai daraja da ELISA ya kama, a tabbatar da kashi. Ana ɗebo shi daga dubura da sabuwar safar hannu ga kowace dabba, kimanin cokali biyu, cikin roba mai murfi da lambarta a jiki. Gwajin PCR yana neman wani yanki na ƙwayar da ake kira IS900, sakamako na fitowa cikin kwanaki. Shuka ƙwayar a ɗakin gwaji kuwa na ɗaukar mako 8 zuwa 16, saboda tana girma a hankali kuma sai an ƙara mata wani sinadari mai suna maikobaktin. Don rage kuɗi ana haɗa kashin shanu biyar a gwaji guda, rukunin da ya nuna akwai sai a warware shi ɗai-ɗai. Kafin ka ɗibi komai, ka sa likitanka ya tuntuɓi ɗakin gwajin, ko na cibiyar binciken dabbobi ta Vom ne ko na wata tsangayar likitancin dabbobi, a ji wane gwaji suke da kayansa a lokacin da yadda suke so a kawo samfur.

Akwai wani dalili mai zurfi na haɗa gwaje-gwajen biyu. In ELISA kaɗai ka dogara da shi wajen zaɓen iri, kana iya tara shanun da jikinsu ba ya nuna martani amma suna zubar da ƙwayar. Ka zaɓi masu ɓoye cuta ke nan a madadin masu ƙin ta, kuma su ne suka fi haɗari ga maruƙa.

Littafin garke da lissafin bijimi

Kowane maraƙi a sa masa lamba a kunne a makon farko. A littafi a rubuta ranar haihuwa, lambar uwa, sunan uba ko lambar da ke jikin tsinken maniyyi, wurin da aka haife shi, dakashin wace saniya ya sha, da rukunin maruƙan da ya tashi tare da su. Daga baya a ƙara sakamakon kowane gwaji, kuma a rubuta ainihin adadin da ɗakin gwaji ya bayar, kada a tsaya a “akwai” ko “babu”. Saniyar da adadinta ke hawa daga gwaji zuwa gwaji tana faɗa maka wani abu tun kafin ta tsallake layi. Duk wadda ta bar garke a rubuta dalili. Wannan na ƙarshe ana yawan mantawa da shi, alhali shanun da aka sayar da wuri saboda rama ko ƙarancin nono su ne sau da yawa masu cutar, kuma fitarsu ba gwaji tana wanke ubansu a banza.

Sannan ka san iyakar abin da littafinka zai iya faɗa. Akwai ƙa’idar lissafi da ke nuna yadda za a amince da hukuncin da aka yanke wa bijimi daga ’ya’yansa mata. In ƙarfin gado 0.10 ne, ’ya’ya 10 da aka gwada suna ba da tabbaci kusan kashi 20 cikin 100, ’ya’ya 20 kusan 34, ’ya’ya 50 kusan 56, ’ya’ya 100 kusan 72. Sakamakon saniya ita kaɗai kuwa kashi 10 ne kacal yake faɗa game da jininta. Mai shanu arba’in da bijimai uku ba zai taɓa samun ’ya’ya hamsin daga bijimi ɗaya cikin lokaci ba. Mafita ita ce gonakin da ke sayen maniyyi daga wuri ɗaya, ko ’yan ƙungiyar masu madara guda, su daidaita yadda suke rubutu su haɗa bayanansu.

Wajen kwatantawa, a kwatanta ’ya’yan bijimi da sa’o’insu na gona ɗaya da shekara ɗaya kawai. Bijimin da ’ya’yansa duka suke a gonar da babu cutar zai fito fes, alhali ba a taɓa jarraba jininsa ba. Wanda aka yi amfani da shi a shekarar da wata saniya mai zubar da ƙwaya ta haihu a tsakiyar garke zai fito baƙi ƙirin ba da laifinsa ba.

In kana sayen maniyyi daga ƙetare, ka duba takardar bijimin da kyau. Yawancinsu ba su da layin Johne. A Amurka, inda binciken gwamnati na 2007 ya samu ƙwayar a kusan kashi 68 cikin 100 na gonakin madara, sifofin lafiya shida da aka fara fitar wa Holstein a 2018 sun ƙunshi ciwon hantsa, zazzaɓin madara, ciwon mahaifa, maƙalewar mabiyiya, gocewar tumbi da ketosis (ciwon ƙarancin kuzari bayan haihuwa), babu Johne a ciki. Abin da za ka iya jingina da shi shi ne makin tsawon rayuwa a garke, makin lafiyar hantsa da na haihuwa. Akwai kuma bijiman da ake tallatawa da ƙarfin garkuwar jiki gaba ɗaya, bisa wani gwaji da aka ƙirƙiro a Jami’ar Guelph ta Kanada. Waɗannan duka taimako ne daga gefe, ba alkawari ba ne. A ra’ayinmu, bijimin da ya ɗan gaza a madara amma ’ya’yansa ke daɗewa ya fi dacewa da gonar da ke fama da wannan cuta fiye da zakaran madara mai ’ya’ya masu saurin karyewa. Kuma kada ka zuba dukan garke a kan bijimi ɗaya. Uku zuwa biyar a shekara sun fi, don in ɗaya ya zama marar kyau ɓarnar ta tsaya a kashi ɗaya, kuma a kauce wa barbarar dangi.

An taɓa samun ƙwayar a maniyyin bijimai masu cutar, amma cibiyoyin tara maniyyi na ƙwarai suna gwada bijimansu, haɗarin ta nan kaɗan ne. Bijimin aro ko na haya shi ne abin tsoro, kuma ta kashinsa ne, ba ta barbara ba.

Makonnin farko na maraƙi

Nan babban ɓangare na kashi casa’in ɗin nan da ba na gado ba yake, kuma in ba a gyara nan ba littafin bijimai ma ba zai karantu ba. Maraƙi ya fi saurin kamuwa a watan farko, haɗarin na raguwa bayan wata shida, babbar saniya kuwa sai ta haɗiyi mai yawa. Wasu shanun, ko da ba su fara zawo ba, suna fitar da biliyoyin ƙwayar a rana. Ka tsaya ka kalli sabon maraƙi yana neman nono: yana tura baki a cinya, ya lashi gefen hantsa, ya tsotsi gashin wutsiya, kafin ya dace da kan nonon. Ɗan busasshen kashin da ke manne a wurin ya isa.

Ka raba shanunka uku bisa gwaji. Waɗanda suka fito babu sau da yawa a jere, su ne za su haihu a wuri mai tsabta kuma daga gare su ake ɗibar dakashi. Waɗanda sakamakonsu ke hawa da sauka, su haihu a wani wurin daban, ba a ba karsana nononsu. Waɗanda suka fito akwai sau biyu a jere, ko PCR ya nuna suna zubarwa da yawa, kada a sake ba su ciki, su tafi mayanka, ba kasuwar kara ba inda wani zai saya ya kai garkensa. A ɗaura musu alamar da kowane ma’aikaci zai gani daga nesa, ko jan ƙyalle ne a wuya.

Wurin haihuwa ya zama busasshe da sabuwar shimfiɗa, kuma kada ya zama shi ne wurin jinyar marasa lafiya. A wanke hantsa da cinyoyi kafin haihuwa. A gonar da ake shayar da maruƙa da hannu, a ɗauke maraƙin da zarar an haife shi, kafin ya miƙe ya fara lalube. A ba shi dakashi kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsa cikin awa biyu zuwa shida na farko: lita huɗu ga maraƙin Holstein mai kilo 40, lita biyu da rabi ga ɗan haɗi mai kilo 25. Dakashin saniya ɗaya ga maraƙi ɗaya. Haɗa dakashin shanu da yawa a bokiti guda hanya ce ta raba cutar saniya ɗaya ga maruƙa goma. In za a dafa dakashi, digiri 60 na awa guda ne, ana juyawa, da ma’aunin zafi a ciki. Da ya haura haka zai yi kauri kamar kunu, sinadaran kariyar da ake ba shi dominsu su lalace. Madara ta yau da kullum kuwa ana iya kai ta digiri 63 na minti 30, ko a tafasa a huce. Wannan na rage ƙwayar ƙwarai. Alaƙar MAP da ciwon Crohn a mutane ba ta tabbata ba, amma ko don tarin fuka da bakkale bai kamata a sha ɗanyar madara ba.

Shanu masu tozo da ’ya’yan haɗinsu da yawa ba sa sakin nono sai maraƙi na kusa, don haka raba su nan take ba ya yiwuwa a ko’ina. In haka ne, a wanke kan nono a goge kafin a saki maraƙi, a taƙaita shan ga lokacin tatsa, sannan a kafa dangwali a tudu, sama da inda ruwan garke ke gangarawa, ba a ƙasansa ba. Maraƙin saniya mai cutar a mayar da shi ga wata mai lafiya in ta karɓe shi.

Shebur da baron kwashe kashi kada su taɓa abinci. Ragowar abincin manya kada a zuba wa ƙanana. Komin ruwan maruƙa daban, a ɗaga shi yadda kashi ba zai faɗa ba. Ƙwayar na iya rayuwa kusan shekara guda a ƙasa mai inuwa da cikin ruwa, don haka filin da aka zuba wa takin garke ba na kiwon maruƙa ba ne a wannan shekarar, kududdufin da manya ke shiga ma haka. Maganin feshi ba ya aiki a kan kashi, sai an kankare an wanke tukuna, a yi amfani da mai sinadarin fenol, a bar rana ta gasa wurin. Awaki da tumaki ma suna kamuwa, kada a haɗa su da maruƙa.

Akwai allurar rigakafi a wasu ƙasashe, kamar Ostireliya. Tana rage zawo da yawan zubar da ƙwaya, ba ta hana kamuwa, tana rikita gwajin tarin fuka, kuma duk dabbar da aka yi wa allurar, ELISA ba zai ƙara faɗin gaskiya a kanta ba. In ka shigo da ita, ka rufe ƙofar tantance bijimai ta wannan gwajin.

Saye, da lokacin da za a ga sakamako

Kusan kullum da kuɗi ake sayo Johne, cikin jikin karsana mai kyan gani. Gwada karsana mai wata 18 kafin saye kusan ba ya nuna komai. Tarihin garken da ta fito shi ne abin tambaya: shekara nawa suna gwaji, kashi nawa ke fitowa akwai, mene ne sakamakon uwarta, dakashin wa ta sha. Wannan ya fi muhimmanci ga masu shigo da karsana daga ƙasashen da cutar ta yi katutu. In babu amsa, ka ɗauke ta a matsayin abin zargi: ta haihu a keɓe, kada a ba kowa dakashinta, a gwada ta duk wata shida daga haihuwar fari.

A shekara biyu na farko adadin masu fitowa akwai yana iya ƙaruwa, domin shanun da suka kamu kafin ka fara gyara yanzu suke isa shekarun nunawa. Ma’aunin aikinka shi ne rukunin da aka haifa bayan gyaran. Ka ja layi a littafi a ranar da ka fara, ka riƙa lissafa na sama da layi daban, na ƙasa daban. Na ƙasan za su shiga gwaji a shekara ta uku, hotonsu ya fito sosai a ta huɗu da ta biyar, kuma a cikinsu ne kaɗai kwatanta ’ya’yan wannan bijimi da na wancan zai yi ma’ana, tunda duk hanya ɗaya aka rene su.